Duniya na ƙara neman abinci, amma ina ribar take ga mai jari a Jos?

Duk wanda ya ɗan tara 'yan kuɗi a garin nan, ko mai shago ne a Taminus, ko ma'aikacin da ya karɓi kuɗin sallama, ko ɗan'uwa da ke aiki a Abuja yana leƙo gida ƙarshen wata, an taɓa zaunar da shi an ce masa ya zuba a noma. Hujjar ba ta wuce guda: mutane na ƙaruwa, ciki kuma ba ya hutu. Maganar tana da tushe. A watan Nuwamban 2022 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanar cewa yawan mutanen duniya ya kai biliyan 8, ana kuma hasashen zai doshi biliyan 9.7 zuwa 2050. Kaso mai tsoka na wannan ƙari daga Afirka zai fito, kuma Najeriya na sahun gaba. Yanzu mun haura miliyan 200, ana sa ran za mu wuce miliyan 350 a tsakiyar ƙarnin nan. Hukumar abinci ta duniya, FAO, ta ƙiyasta a 2017 cewa kafin 2050 sai an noma kusan kashi 50 cikin 100 sama da abin da aka noma a 2012.

Yawan bakuna ba shi kaɗai ke jawo haka ba. Da zarar magidanci ya samu sauƙi, cefanensa kan sauya. Tuwo na nan, amma ƙwai ya shigo, kaza ta shigo, madara da man girki da burodi sun ƙaru. Su kuwa ƙwai da nama, hatsi ne ya bi ta cikin dabba. Kazar ƙwai guda tana cin giram 110 zuwa 120 na abinci a yini, kusan rabinsa masara. Ke nan mai kaji 1,000 yana buƙatar masara kilo 55 zuwa 60 kullum, wato kimanin tan 20 a shekara, buhu 200 masu kilo 100. Ka tuna yawan gidajen kajin da ke tsakanin Jos, Bukuru da Vom, za ka gane dalilin da ya sa masara ba ta kwantai a yankin nan. Abin da ya faru a ƙasar Sin ke nan amma a babban sikeli: da jama'arta suka samu wadata suka ƙara cin nama, sai ga ta tana shigo da waken suya kusan tan miliyan 100 a shekara, fiye da rabin duk wanda ake cinikinsa tsakanin ƙasashe.

'Yan shekarun nan sun kuma nuna mana yadda ƙasar da ke dogaro da abincin waje take rayuwa cikin zulumi. Yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke a Fabrairun 2022, zuwa Maris ma'aunin farashin abinci na FAO ya kai inda bai taɓa kaiwa ba, taki ya bi sahu. A Yulin 2023 Indiya, wadda ke fitar da kusan kashi 40 cikin 100 na shinkafar da ake sayarwa a kasuwar duniya, ta hana fitar da wani nau'in farar shinkafa, farashi ya tashi har Afirka ta Yamma. Mu nan, kusan duk alkamar da ake burodi da taliya da ita daga waje take zuwa, da dala ake biya.

To a nan gizo ke saƙa. Buƙata ta ƙaru, gaskiya ne, amma wannan bai zama riba a aljihun kowa ba. A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ya haura kashi 40 cikin 100, bayan cire tallafin mai da sakin naira da aka yi a 2023. Kowa ya ga masara da shinkafa na ninka kuɗi, da kaka ta zo aka yi rububi, har waɗanda ba su san ƙofar sito ba suka saya da tsada suka ajiye. Alhali tun Yulin 2024 gwamnati ta sanar da dakatar da haraji na kwana 150 kan shigo da masara, alkama, shinkafar da ba a gama gyarawa ba da wake. Naira ta ɗan tsaya, kaya suka shigo, a 2025 farashin hatsi ya faɗi ƙasa da yadda mutane da yawa suka saya, taki kuwa bai sauko ba. Mutanen duniya ba su daina cin abinci a wannan shekarar ba, amma masu ajiya sun ji jiki. Abin da ke kawo riba shi ne ka gano wani giɓi takamaimai tsakanin gona da tukunya, wanda kai za ka iya cikewa da arha fiye da wani.

Hanyar da ta fi cinye kuɗin mutanen birni ita ce a sayi fili mai nisa, a ɗora wani a kai, a riƙa noma ta waya. Buhun taki goma da ka aika, wataƙila shida ne za su ga ƙasa. Feshin da ya kamata a yi ranar Talata sai a yi shi Asabar bayan cuta ta kama. Ga maganar takarda: dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna, kuma filin gado da mutum ɗaya ya sayar maka ba tare da sauran magada ba, shari'a ka saya. A shekarun farko haya ta fi saye. Haka su ma masu tallan gona ta intanet da ke alkawarin riba tsayayya cikin wata shida, da yawansu sun durƙushe da kuɗin jama'a a tsakanin 2020 da 2021. Noma ba ya ba da riba tsayayya, duk wanda ya ce maka yana bayarwa to ka riƙe aljihunka.

A ganina babban giɓin da ke gaban mutumin Jos, wanda na Kano ko Sakkwato ba shi da shi, yana cikin dankalin turawa, kuma ba na ci ba, na iri.

Tudun Jos yana da tsayin kusan mita 1,200, shi ya ba mu sanyin da dankali ke so, shi ya sa mafi yawan dankalin ƙasar nan daga Bokkos, Mangu, Barkin Ladi, Riyom, Pankshin da Jos ta Kudu yake fitowa. Amma abin da kadada ke bayarwa a Najeriya a tsaka-tsaki bai wuce tan 3 zuwa 4 ba, yana cikin mafi ƙaranci a duniya, alhali da iri mai lafiya da kulawa ana iya cire tan 20 a kan wannan ƙasar tamu. Babban dalilin shi ne iri. Manomi kan sayar da manyan dankali, ya ajiye ƙananan ya shuka, shekara da shekaru. Shi kuwa ƙaramin dankali sau da yawa ciwo ne ya hana shi girma. Cututtukan da ƙananan ƙwarin nan masu tsotsar ganye ke yaɗawa suna zama a cikin dankalin, su bi shi zuwa shukar baɗi, kowace shekara amfani na raguwa. Manomi ya ƙara taki, ya ga ba canji, ya ce ƙasa ta gaji.

Lissafin iri kuwa ba ƙarami ba ne. Idan ka bar santimita 75 tsakanin kunya da kunya, 30 tsakanin rami da rami, kadada za ta ɗauki shuka kusan 44,000. Kowane iri mai girman ƙwan kaza yana da nauyin giram 50 ko sama kaɗan, ke nan kadada guda tana cin tan 2 zuwa 2.5 na iri. A noman dankali, iri ne kan zama mafi tsadar abin da ake saya. Kasuwa ce da ke dawowa kowace damina da kowane rani, kuma masu kaya mai kyau ba su da yawa.

Mai son shiga sai ya fara da tushe mai tsabta. Cibiyar binciken saiwoyi ta ƙasa tana da reshen dankali a Kuru, can ne wurin fara tambaya, a kuma nemi rajista da hukumar kula da iri ta ƙasa idan ana son sayarwa da suna. Manoma sun saba da nau'o'in dankali irin su Nicola, Diamant da Marabel, kuma kowanne da kasuwarsa. Ka tambayi dillalan kasuwar Farin Gada da ke Jos wanne masu suya ke nema, wanne ke jure tafiya Legas, kafin ka zaɓa. Sai fili. Kada ya zama an noma dankali, tumatir, tattasai, attaruhu ko gauta a cikinsa a shekara uku zuwa huɗu da suka wuce, domin dangi ɗaya ne, ciwonsu ɗaya. Filin da ya sha masara ko acca ya fi. A kuma duba inda ruwa ke gangarowa: idan gonar da ke samanka tana da cutar yaushi, ruwan sama zai kawo maka ita har gida.

Cutar yaushin nan ita ce ke kashe sana'ar iri, don ba ta da maganin feshi, kuma tana daɗewa a ƙasa. Za ka ga shuka ɗaya ta langaɓe da rana tsaka alhali ƙasa da danshi, ganyen bai ko yi rawaya ba. Yanke karan daga ƙasa-ƙasa, ka tsoma bakin yankan a kofin gilashi mai ruwa garau, ka riƙe shi cik. Cikin 'yan mintoci, idan cutar ce, za ka ga wasu zare-zare farare kamar madara suna sauka daga karan. Idan ka raba dankalin biyu za ka ga zobe ruwan ƙasa a cikinsa, ka matsa wani farin ruwa mai yauƙi ya fito. Wannan shukar a tuge ta da dankalinta da ƙasar gindinta, a sa a buhu a fitar daga gonar, a ƙone ko a binne a wuri mai nisa. Fartanyar da ta taɓa wurin a wanke ta kafin ta shiga wata kunya. Saboda wannan cutar ce ma ba a son yanka iri biyu don ya yi auki: wuƙa ɗaya tana iya shafa wa buhu guda.

Ta biyu ita ce cutar ƙonewar ganye, wadda ke zuwa da hazo da yayyafin Yuli da Agusta. Takan fara da tabo baƙi-baƙi a gefen ganye, da safe ka juya ƙarƙashinsa ka ga farin gari-gari. Idan yanayi ya ba ta dama, cikin mako guda gona kan koma kamar an bi ta da wuta. Kuskuren da aka fi yi shi ne jira sai an gan ta. Maganin Mancozeb kariya yake yi, ba ya warkarwa, don haka ana fara fesa shi tun ganye bai rufe kunya ba, a maimaita kusan kowane kwana bakwai idan ruwa ya zauna, gwargwadon ma'aunin da ke jikin leda, kuma a tabbatar ya jiƙa ƙarƙashin ganye. Mai shiga jikin shuka, wanda ake haɗawa da Metalaxyl, a ajiye shi sai cuta ta yi barazana sosai, kada ya wuce sau biyu ko uku a shuka guda, in ba haka ba cutar ta saba da shi. Shuka da wuri, a Afrilu ko farkon Mayu, na sa dankali ya ƙosa kafin cutar ta yi ƙarfi. Huɗa mai kauri kuma na hana ƙwayar cutar gangarowa daga ganye ta shiga dankalin.

Gonar iri tana buƙatar a bi ta kunya-kunya aƙalla sau biyu, kafin fure da lokacin fure, ana tuge duk mai murɗaɗɗen ganye, mai rodi-rodi ko wadda ba ta yi kama da sauran ba. Ƙaramin manomi da ba shi da halin sabon iri yana iya yin akasin haka: ya kafa tsinke a gindin shukokin da suka fi lafiya, ya haƙe su daban, su zama irinsa. Kwana 10 zuwa 14 kafin haƙa a yanke ganyen gaba ɗaya. Wannan na tsayar da girman dankalin a inda ake so, fatarsa kuma ta yi ƙwari ta daina saɓulewa.

Ajiyar iri ba ta buƙatar lantarki, kuma nan ne mai ƙaramin jari zai samu shiga. Ana gina ɗaki mai shan iska da haske amma rana ba ta dukan kayan kai tsaye, a yi kantoci na katako hawa-hawa, a baza dankali kada ya wuce biyu ko uku a kan juna, a sa raga a tagogi saboda ƙwari. Dankali kan yi barci na wata biyu zuwa uku bayan haƙa kafin ya tsiro. A cikin irin wannan haske tsiron kan fito gajere, kore, mai ƙwari, da yawa a jikin kowane ɗaya. A cikin buhu a ɗaki mai duhu kuwa sai ya fito dogo, fari, guda ɗaya tal, ya karye tun a hanya, dankalin kuma ya yamushe. Irin da aka haƙa a Yuli ko Agusta ya isa shukar rani a Oktoba da Nuwamba, na rani kuma da aka haƙa a Janairu ko Fabrairu ya jira damina. A kula, dankalin ci shi duhu yake so. Idan ya sha haske ya yi kore, ya yi ɗaci, yana kuma iya cutar da mai ci.

Ba za a yi maganar Bokkos da Barkin Ladi da Mangu a tsallake tsaro ba. Wuraren da suka fi kyau da dankali su ne suka fi shan rikici, an yi asarar rayuka, gonaki da dabbobi ta kowane ɓangare. Mai jari ya yi aiki da manoman da ke zaune a wurin, waɗanda aka san su aka san iyayensu, ya raba aikin a ƙauyuka biyu ko uku, kayan da aka haƙa kuma kada su kwana da yawa a gona.

Giɓi na biyu yana cikin masara da waken suya, tsakanin manomi da masu haɗa abincin kaji. Masu saye a kusa suke: kamfanin Grand Cereals yana Bukuru, NASCO na cikin Jos, ga ƙananan masu niƙa da gidajen kaji birjik. Kaya kuma na fitowa daga Mangu, Jengre da Saminaka. Abin da suka rasa shi ne kaya busasshe, tsaftatacce, mai nauyi ɗaya, a kan lokaci. Masarar yankin nan takan nuna tun ruwa bai gama ɗaukewa ba, manomi na neman kuɗi, sai ya sussuke ta da laima ya kawo kasuwa.

Laima ce ke cin uwar kuɗi ta hanya biyu. Masarar ajiya ba a so laimarta ta wuce kashi 13 cikin 100. Idan ka saye ta tana kashi 18 ka shanya ta sauko 13, buhu 100 sun koma kusan 94. Ruwa ka saya a farashin masara. Idan kuma ba ka shanya ba, ta yi zafi a tsakiyar buhu, ta yi fumfuna, fumfunar ta haifar da gubar da ke lalata hantar mutum, ta rage ƙwan kaza. Kamfani zai dawo maka da mota guda a kan wannan. Na'urar gwada laima ta hannu ba ta kai kuɗin asarar mota ɗaya ba. Wanda ba shi da ita ya samu busasshiyar kwalba, ya zuba masara zuwa kashi ɗaya cikin uku, ya ƙara cokali biyu ko uku na gishirin da aka busar sarai, ya rufe ya girgiza na minti guda, ya ajiye kwata na awa. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, masarar ba ta bushe ba. Shanya kuma a kan tamfol ko siminti, ba a gefen kwalta ba, inda take kwasar yashi da kashin awaki.

A sito, buhu ba ya taɓa ƙasa ko bango. A shimfiɗa katako, a bar aƙalla rabin mita tsakanin jeri da bango don iska da bincike. Buhunan PICS masu leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje suna kashe ƙwari ba da magani ba, ta hanyar hana su iska. Sharaɗinsu uku ne: hatsin ya bushe, a duba ledar ba ta da huji, a ɗaure kowace leda daban bayan an matse iska, sannan kada a riƙa buɗewa. Ɓera ne abokin gabansu, huji ɗaya ya ɓata aikin. Ƙwayar maganin nan ta Phostoxin tana aiki a babban sito, amma sai an lulluɓe jerin da tamfol an danne gefensa ruf na kwana biyar zuwa bakwai, kuma haramun ne a sa ta a gidan da mutane ke kwana, hayaƙinta na kisa. Shi kuwa zuba fiya-fiya a wake, ban da cutar da masu ci, shi ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wakenmu tun 2015.

Kafin ka sayi buhu ko ɗaya, yi wannan lissafin. A ce ka saya a kan naira 100. Raguwar nauyi ta ci 6. Idan kuɗin banki ne, lokacin da Babban Banki ya kai ma'aunin ruwansa kashi 27.5 a ƙarshen 2024 bashin kasuwa ya doshi 30, wata shida sun ci 15. Ƙara la'ada, 'yan dako, mota, kuɗin hanya, buhu, hayar sito da mai gadi. Za ka tarar sai farashi ya tashi da kwata ko fiye kafin ka dawo da uwar kuɗinka. Akwai shekarun da yakan tashi haka, akwai waɗanda ba ya tashi. Shi ya sa na fi ganin hikimar mai juya kaya a kan mai jiran tsada: ya samu mai saye tun farko, ya karɓi sharuɗɗansa a rubuce (laima nawa, datti nawa, yaushe za a biya), ya saya ya busar ya tankaɗe ya auna ya kai, ya ci 'yar riba kaɗan sau da yawa. Wannan ya kuma nisanta mutum daga ɓoye abinci lokacin da jama'a ke cikin ƙunci, abin da addini ya yi hani da shi.

Kayan gwari kuwa, wanda ya je Farin Gada da sassafe ya ga yadda ake sauke tumatir ya san inda kuɗi ke tsiyaya: kwando a kan kwando, na ƙasa ya riga ya zama miya, ruwansa na bin bayan mota. Kwandon roba mai ɗaukar kilo 20 zuwa 25 yana hawa kan ɗan'uwansa ba tare da danne kayan ba, ana wanke shi a sake amfani da shi. Ba da hayarsa sana'a ce, sai dai matsalarta dawowa: idan ya tafi kasuwar Mile 12 a Legas ba ka da wakili a can, ka yi masa bankwana. Noman rani a bakin tafkunan da haƙar kuza ta bari shi ma yana da kasuwa, kuma famfon sola ya fara maye gurbin injin fetur. A nan a auna nisan ruwa da tsayin da za a tura shi kafin a sayi famfo, a kuma tanadi inda za a riƙa kulle faifan solar da dare. Ɗakin sanyi yana da daɗin faɗa, amma idan ba a cika shi kullum ba kuɗin wuta ya fi abin da yake ceto.

Fitar da kaya waje, irin su riɗi, citta, zoɓo da acca, yana kawo dala, sai dai ba wurin fara koyo ba ne. Akwai rajista da hukumar bunƙasa fitar da kaya, da fom na NXP a banki, wato takardar bayyana kayan da za a fitar, da takardar lafiyar tsirrai, kuma kwantena ɗaya da aka ƙi karɓa ta isa ta tashi ƙaramin ɗan kasuwa. Masu cittar Kachia da Kagarko da Jaba sun ga yadda cuta ta share gonaki a 2023, kaya mai daraja ya zama babu. Wanda ke sha'awa ya fara da kai wa manyan 'yan kasuwar Dawanau ta Kano kaya mai tsabta, ya koyi abin da suke ƙi da dalilin ƙinsa. Acca dai tamu ce, Turawa sun fara nemanta, kuma abin da ke rage mata daraja yashi ne; injin surfe da wanki mai kyau ya fi ƙarin gona amfani.

Saura yadda kuɗi zai shiga hannun manomi ya dawo. Shirin ba manoma rance na Babban Banki, Anchor Borrowers, da aka ƙaddamar a Kebbi a Nuwamban 2015 ya nuna cewa raba kuɗi ba wuya, karɓo su ne aiki. Abin da ke faruwa ko a ƙaramin mataki shi ne, ka ba manomi taki da iri a kan zai kawo maka kaya a wani farashi, kaka ta zo kasuwa ta fi, ya sayar ta bayan fage ya ce gona ba ta yi ba. Ba kullum rashin amana ba ne, wani lokaci yarjejeniyar ce ta matse shi. Hanya biyu sun fi tsira. Ko dai ka ba da kayan aikin bashi a kan kuɗinsu sananne, ka saye amfanin a farashin kasuwa na ranar, ka cire naka. Ko ka yi cinikin salam yadda malamai suka tsara, ka biya kuɗin duka a take, a ambaci nau'in kaya, nauyinsa, ingancinsa, ranar kawowa da wurin, ba tare da an rataya shi a kan wata gona guda ba. Ko wanne ka zaɓa, a rubuta, a sa shaidu, mai unguwa ko shugaban ƙungiyar manoma ya sani, kuma a haɗa su biyar-biyar suna tsaya wa juna. Taki a kai shi kashi biyu, na shuka da na ƙari, kowanne a lokacinsa, don wanda ya karɓi duka a Mayu yana da uzurin sayar da rabi. A kuma ware zakka tun a lissafin farko: hatsin da ruwan sama ya shayar ɗaya bisa goma ne, na ban-ruwa da wahala ɗaya bisa ashirin, kayan ɗan kasuwa kuma hukuncinsu daban.

A takardar kada a rubuta "buhu". Buhun dankali a kasuwar Maikatako ta Bokkos, wanda ake yi wa ƙari a baki a ɗinke shi da igiya har ya yi tozo, ba ɗaya yake da na Farin Gada ba, buhun masarar da ake kira mai kilo 100 kuma yana iya zama 92 ko 110 gwargwadon wanda ya cika shi. A rubuta kilo, a zo da sikelin rataye, a gwada shi a gaban kowa da jarkar ruwa mai lita 20 da aka riga aka san nauyinta kafin a ɗora buhun farko.